Ranar Da Na Zama Ƙaramar Ƙasa Mai Kuɗi

Ba zan taɓa mantawa da bikin yaye ɗaliban makarantarmu a Sandamu ba, a farkon shekarun shari'a. An hana kiɗa da rawa, sai shugaban makaranta ya ce mu malamai mu kwaikwayi taron ƙasashen duniya, iyaye su ƙaru. Aka raba wa kowa ƙasarsa. Ni aka ba ni wata 'yar mitsitsiyar ƙasar Turai, ba ta kai masarautar Daura faɗi ba, amma kuɗi sai wanda ya gani (ni da ko keke ban mallaka ba).

Na aro kwat na saka. A sahun gaba kuwa ga Alhaji Mudi, mai fataucin fatu, mahaifin Hajara da nake nema.

Malam Sabi'u, wakilin ƙasashe matalauta, ya miƙe ya kai kuka: a sayi fatunmu da riɗinmu da daraja, a buɗe mana kasuwa, a daina ɓoye dukiyar da ɓarayinmu ke kai musu ajiya. Iyaye sai kabbara suke yi.

Ni kuwa na karanta yadda irin waɗannan ƙasashe ke amsawa, na haddace tsaf. Na gyara murya na ce, "Mun ji kukanku, ya taɓa mu ƙwarai. Za mu kafa kwamiti ya duba. Kafin nan ku fara gyara halinku. Ga rijiya guda, kyauta." Har da murmushi na yi, don iyayi.

Na tsaya jiran tafi. Can wani tsoho ya ce, "Allah ya isa!" Alhaji Mudi, wanda fatunsa suka yi kwantai a shekarar, ya ƙura mini ido yana shafa gemu. Zufa ta jiƙa kwat ɗin mutane, na ji kamar in nutse.

Bayan sallah kawunnaina suka je wurin Alhaji Mudi roƙon a sa ranar aurenmu. Suka dawo suka same ni.

Kawu Ilu ya ce, "Ɗana, Alhaji ya ce ya ji kukanka, ya taɓa shi ƙwarai. Zai kafa kwamiti."

"Shi ke nan, Kawu?"

"Wai ka fara gyara halinka. Ga goro guda, kyauta."

Na yi ta jira har na gaji. Kwamitin bai gama zama ba aka ɗaura auren Hajara da Malam Sabi'u.

Yanzu ko a rediyo na ji mai kuɗi ya ce "mun ji kukanku", kashewa nake in kama gabana. In kuma za a sake rabon ƙasashe, don Allah a bar ni da tawa ta haihuwa.