Yaƙin Tutar Kwana a Filin Wandarra

Da sunan Mai sama muke buɗe wannan babi, domin ambaton jarumi ɗan jarumai, Sallau ɗan Ɗantsoho ɗan Magaji Dogo na Malumfashi, jikan maƙeran da ba su taɓa ja da baya ba sai don su gyara tsayuwa. Gwarzon da ya ƙetare tekuna har ƙasar Ostireliya da niyyar karatun injiniya, Allah cikin hikimarSa Ya hore masa tuƙin motar rarraba burodi, sannan Ya ɗaukaka shi da muƙamin mai tsaron gida na biyu a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Mikiya, ta garin Wandarra.

Ita wannan ƙungiya, baƙi 'yan Girka masu aikin gidan bulo ne suka kafa ta tun zamanin kakanni. Ta sauya suna, ta sauya riga, ta sha gobara, ta sha ambaliya, ta kuma taɓa ɗaukar kofi, a shekarar da abokan karawarta suka ɓata hanya. Mayaƙanta masu gyaran famfo ne da direbobi da malaman makaranta, waɗanda ke aiki duk mako, ranar Asabar su fito su sha kashi cikin mutunci.

To, a shekarar da muke magana, musiba ta kai maƙura. Wasan ƙarshe ya zo, kuma idan Mikiya ba ta ci ba, za ta faɗa rukunin ƙasa, hukumar gari ta karɓe filin ta miƙa wa masu wasan kurket. Ana cikin wannan zullumi sai ga abokin gaba daga sama: wani tsuntsu baƙi da fari mai kama da hankaka, wanda mutanen ƙasar ke kira magfai, ya yi sheƙa a bishiyar da ke kusurwar gabas, ya ayyana daularsa, ya haramta wa bil'adama kusantar wurin. An kafa uku daga cikin tutocin kwana, wato na kusurwoyin fili, lafiya. Ta huɗu kuwa, kyaftin da kansa ya tafi da ita, ya dawo da ita, ya kuma dawo da kunne yana jini.

Alƙalin wasa ya dubi kusurwar, ya ce, "Babu tuta, babu wasa. In kuwa babu wasa, ku kuka sha kaye."

Baba Kostas, shugaban ƙungiya, dattijon da mahaifinsa ya haƙa ramin turken raga da hannunsa, ya dubi rundunarsa ɗaya bayan ɗaya. Runduna ta duƙufa ɗaure igiyar takalmi.

A nan ne Sallau ya miƙe daga benci, inda ya shafe kakar wasa yana gadi ba tare da gajiyawa ba.

"Baba, a ba ni tutar."

"Ɗana, kana da iyali."

"Suna Malumfashi, Baba. Ba za su gani ba."

Aka yi masa shirin yaƙi. Aka kifa masa robar askirim a ka a matsayin kwalkwali, aka zana mata idanu biyu ta ƙeya, domin masana sun tabbatar tsuntsun ba ya kai hari ga mai kallonsa. Ya sa safar hannunsa wadda ƙwallo bai taɓa ƙazantar da ita ba, ya riƙe tuta a dama, laimar matar Baba Kostas a hagu, ya fuskanci gabas, ya yi kirari da harshen da babu mai jinsa a filin: "Sai ni Sallau, guduma mai kashe ƙarfe! Sai ni na Dogo, dodon tsuntsaye!"

Tsuntsun, da yake bai zauna da masana ba, ta gaba ya zo. Karon farko ya tafi da laima. Karo na biyu kwalkwali ya juya, ya rufe wa jarumi ido, har ya zamana idanun zane ne kaɗai ke kallon fagen fama. Sadauki ya faɗi, amma bai saki tuta ba. Ya ja ciki cikin ciyawa kamar damo, fukafukai na tafi a kansa, yana salati yana lalube, har yatsansa ya faɗa ramin da ake nema. Ya soka tuta. Ya dawo da gudun da ba a taɓa sanin yana da shi ba, jama'a na sowa, mai sayar da tsiran alade har ya bar wuta ya rungume shi, jarumi yana a'uziyya.

Aka busa usur, aka yi wasa. An lallasa Mikiya da ci biyar da nema, kuma har aka tashi, ƙwallo bai ko leƙa kusurwar gabas ba. Sallau ya kalli komai daga benci, da filasta a goshi.

Da jama'a suka watse, Baba Kostas ya dafa kafaɗarsa, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Ɗana, tarihi ba zai manta da kai ba. Saura a ciro ta."

Sallau ya ce yana da burodin da zai kai.

Tutar tana nan.