Shirin Manoka da Gaisuwar Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da shirin tafiyarmu tsibirin Manoka ba, kuma ko na yi niyyar mantawa matan unguwarmu ta New Bell, a nan Douala, ba za su bar ni ba. Har yau akwai wadda in muka haɗu a bakin layi sai ta toshe baki da mayafi kafin ta amsa gaisuwata. Gara ku ji daga bakina, don masu yawo da labarin suna yanke wurin da na yi bajinta.

Ni mutum ne mai tsari, wannan ko wanda ba ya ƙaunata ya sani. Aikina ke nan a wani garejin manyan motoci a unguwar Bassa: ni nake cewa wace mota za ta N'Djamena, wace za ta Bangui, wane direba zai kwana a ina. Saboda haka ranar da matata Balkisu ta nuna min hotunan Manoka da wata abokiyar aikinta ta turo mata, yashi da itatuwan kwakwa da ruwa iya ganinka, ta ce a hankali kamar ba da ni take ba, ita fa a garin teku aka haife ta amma ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, sai na ce ta bar min komai a hannuna.

Balkisu ba mai roƙo ba ce. Tun da muka yi aure ban taɓa jin ta ce a kai ta wani wuri ba. Daga makarantar da take koyarwa sai gida, daga gida sai asibiti lokacin da take jinyar mahaifiyata har Allah ya karɓi abarsa. Wannan ne karo na farko da ta nuna tana son wani abu don kanta, kuma wallahi sai da na ji kunyar kaina da ban taɓa tambayarta ba.

Na shiga shiri kamar zan tura ayari. Na hau bendsikin, wato acaɓa, har Youpwé, inda jiragen suke tashi, na zagaya kwale-kwale masu inji ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasa katakonsu kamar na san abin da nake nema. Na tambayi lokacin da ruwa yake cika da lokacin da yake janyewa. Na tabbatar akwai rigar ceto. Na tambayi inda za mu yi salla. Na sa aka yi mana dambun nama da cincin, na karɓi konje, wato hutu, wurin maigidana na wurin aiki, na sayo malafa mai faɗi wadda Balkisu ta ce in na sa ta ba za ta jera da ni ba. A majalisarmu kuwa na cika wa 'yan kasuwar da suka zo daga Kano kunne, ina ce musu mu 'yan Douala teku a bayan gidanmu take. (Ban gaya musu cewa ni ma iyakata da ita hangowa daga kan gada ba.)

Abu ɗaya na bari sai ƙarshe, shi ne sanar da Hajiya, mahaifiyar Balkisu, wadda za mu bar wa yaranmu, su Ummi.

Tsakanina da Hajiya akwai kunya irin ta da. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba. In na je gidanta tun daga zaure nake cire takalmi, in durƙusa a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu. Haka mahaifina ya koya min, kuma abin ya bi jikina har ya zama ko a waya ta kira sai na ji gwiwata tana neman ƙasa. Abokan aikina sun sha yi min dariya a kan haka, ban damu ba.

Na durƙusa na yi bayani tiryan-tiryan, har da girman injin jirgin. Hajiya tana bayan labule tana saurare. Can sai na ji ta ce, ba da ni ba, da 'yarta:

"Balkisu, tambaye shi, ya iya ruwa?"

Balkisu ba ta tambaye ni ba, don ta san amsar. Ni kuwa ina ta kallon tabarma.

"To," in ji Hajiya. Daga nan ta koma tambayar lafiyar yara.

Wanda ya san Hajiya ya san wannan "to" ɗin ta rufe magana. Ba rigima ba ce irin ta tsofaffi. Tana yarinya a Garoua ruwan Binuwai ya tafi da ƙanenta a kan idonta, shi ya sa har gobe in mota za ta hau gadar Wouri sai ta runtse ido ta kama carbi. Ba wanda ya hana ni ɗaukar matata mu tafi, amma na san Balkisu ba za ta taka jirgi ba sai da albarkar uwarta. Da muka koma gida ta zazzage jakar da ta fara haɗawa, ta mayar da kayan cikin durowa, ta ce ba komai. Wannan "ba komai" ɗin ta fi zagi ciwo a wurina.

Washegari na je wani otal a Akwa mai pisin, wato kwamin iyo, na ce ina son a koya min. Mai koyarwar, Mesiye Ebele, ya dube ni tun daga furfurar gemu har tumbi, ya ce ajin manya ya cika, sai dai ajin yara na ranar Asabar. Na ce ko ajin jarirai ne ina so.

Haka na fara, ba wanda ya sani, ko Balkisu. Ina ce mata akwai motocin da nake sallama. In na isa sai in cire babbar riga in ninke, in sa wando mai wuce gwiwa da wata hular roba mai matse kai, Mesiye Ebele ya ɗaura min balan-balan a damatsa biyu. (Masu hoton agwagwa ne. Ya rantse su kaɗai suka shige ni.) Yara suna kirana Tonton, wato kawu, suna wuce ni fiu, ni kuwa ina riƙe da bakin kwami ina dukan ruwa da ƙafa. Ruwan da na sha a wurin nan Allah kaɗai ya san yawansa. Amma na dage. Sannu a hankali na iya kwanciya a kan ruwa, na iya sa fuska a ciki ina fitar da numfashi, har na fara sakin bango. Na yi niyyar sai na ƙware sannan in je in durƙusa gaban Hajiya in ce a sake yi min waccan tambayar.

Sai ga bikin wata 'yar ƙanwar Hajiya ya faɗo ranar Asabar. Na yi lissafi irin nawa na mai tsari: da safe a ɗaura aure a masallaci, da rana duk matan dangi suna gidan biki, ba wanda zai neme ni. Ana shafa fatiha na gaisa da mutane, na sulale, na tari taksi zuwa Akwa. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne amaren yanzu ba sa yarda da hoton tsakar gida. Sai an kai su inda akwai furanni da ruwa shuɗi.

Ina tsaye a cikin kwamin, ruwa iya ƙirjina, ina jiran layi ya zo kaina, sai na ji Hausa a bayana. Na waiwaya. Mata ne cike da farfajiyar otal, duk cikin anko ruwan hoda, ga amarya, ga mai hoto yana ja da baya yana jera su, kuma inda ya zaɓa ya jera su shi ne bakin pisin. Na hango Balkisu. Na hango ƙanwarta Jummai, wadda tun ranar aurena ta ɗauki tsokanata a matsayin sana'a. Sannan na ga an kawo kujera an ajiye, an zaunar da Hajiya saboda ciwon gwiwarta, kusa da ni har ina iya ganin zanen lallen ƙafarta.

Na juya musu baya na lafe, ina addu'ar hular roba ta ɓatar da kamannina. Da ma za ta yi, don ba wanda yake neman surukinsa a cikin yara masu iyo. Sai Mesiye Ebele ya busa usur ya ɗaga murya: "Alaji de New Bell, à toi!" Wato layi ya zo kaina.

Na ji takun takalmi ya zagayo ta gabana. Jummai ta sunkuyo ta leƙa fuskata, ta dubi agwagin da ke damtsena, ta miƙe a natse kamar mai sanar da isowar baƙo.

"Hajiya, ga Baban Ummi yana gaishe ki."

Jama'a, ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Ina juyowa na ga Hajiya, hannuna ya tafi kai don ya gyara hula, gwiwoyina suka yi abin da suka saba yi shekara da shekaru. Na durƙusa. Na buɗe baki na ce "Ina wu—", sauran gaisuwar kuma a ƙarƙashin ruwa na ƙarasa ta.

Balan-balan suka cillo ni sama ina tari, ido jajir, hanci yana zuba. Na buɗe ido na ga ni tsaye ƙiƙam a gaban surukata, ba riga. Me kuke tsammani na yi? Na sake durƙusawa. Wannan karon sai da Mesiye Ebele ya faɗo ruwan ya kamo ni ta hammata, yana tambayata da Faransanci ko aljanu ne suka buge ni. Amarya ta yi dariya har kwalliyarta ta ɓaci, mai hoto ya zauna a ƙasa, Jummai kuwa sai da aka riƙe ta kada ta biyo ni ciki. Balkisu kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon balan-balan ɗin, ta sa hannu a baki, na ga ta gane inda Asabar ɗina suke tafiya.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai gefe. Na ɗauka tashi za ta yi. Sai na ji ta ce:

"Balkisu, ce masa ya je can ƙarshe ya dawo in gani."

Nan ne wurin da masu ba da labari suke tsallakewa. Na zare balan-balan ɗin nan na miƙa wa Mesiye Ebele. Ya ce a hankali ban taɓa kaiwa ƙarshen ba, can ɗin ya fi tsawona zurfi. Na ce na sani, ya dai bi ni ta gefe. Na yi bisimilla na saki bango.

Ba zan ce muku iyon ya yi kyau ba. Jummai ta ce kamar ana wanke bargo. Na daki ruwa, ruwa ya dake ni, na sha na furzar, tsakiyar hanya na ji ƙirjina zai fashe, na ce ko dai in kama igiyar da ke gefen kwamin. Sai na tuna kayan da aka mayar cikin durowa, na ci gaba da duka. Na taɓa bangon can, na juyo, na dawo da ƙyar da jiɓin goshi, na kama bakin kwami daidai ƙafar kujerar Hajiya ina haki. Wata tsohuwa daga dangin ango ta rangaɗa guɗa. Wallahi ban taɓa jin alfahari irin na lokacin ba, ko ranar da aka ƙara min girma a wurin aiki. Hajiya ta gyara mayafi. Ta miƙa hannu aka tashe ta, aka ci gaba da hoto a wajen furanni.

Bayan magariba Balkisu ta dawo daga gidan biki ta same ni a falo, kunnena ɗaya har lokacin a toshe. Ta zauna ba ta cire gyale ba. Ta ce Hajiya ta ba ta saƙo, kuma ta ce a faɗa min yadda ta faɗa, kada a rage.

"Ta ce iyon naka ko kaza ba zai ceta ba." Ta gyara zama. "Amma ta ce mutumin da ya gwammace ya nutse da ya gaishe ta a tsaye, ba zai baro 'yarta a ruwa ya fito shi kaɗai ba. Ta ce mu je, Allah ya kiyaye hanya."

Sai a sannan ta fashe da dariyar da ta riƙe tun rana, tana yi tana share hawaye, ni ma na taya ta.

Mun je Manoka. Jirgi bai kife ba, ba a bukaci gwanintata ba, na zauna daram a tsakiya cikin rigar ceto na ƙanƙame katako har muka sauka. Balkisu ta tattare zani ta shiga ruwa iya idon sawu, ta daɗe a tsaye tana kallon inda teku ta haɗe da sama, ni kuma ina bakin yashi ina gadin dambun nama, ina jin kaina kamar ni na haƙa tekun.

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne. Ladabi abu ne mai kyau, ban fasa ba kuma ba zan fasa ba. Sai dai yanzu kafin in durƙusa wa kowa nakan fara duba abin da nake tsaye a ciki.