Motar da ta fi ƙarfin gwiwar Mma Oteng

"Lafiya lau, tunda da tafin ƙafa kake gaisuwa," in ji Mma Oteng, don ƙafafun kaɗai take gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota. "Haka ake gaida mace a gidanku?"

"Gidanmu ai naki ne, tsohuwa. Tarbiyyarki ce."

Tumisang ke nan, jikanta, wanda tun yana goye take ce masa miji, shi kuma da bakinsa ya buɗe bai taɓa barin ta ta kwana da bashin magana ba. A-kori-kurarsa ce ɗare kan jak a tsakar gidansu na garin Gantsi. Bara ya ɗaga motar sama, ya sa mata ƙattan tayoyi wai saboda yashin hanyar ruga, kuma tun daga lokacin tsohuwar ba ta sake taka rugar ba. Gwiwa ta ƙi. Ta taɓa gwada hawa, matan maƙwabta na kallo, ƙafa ta ƙi kaiwa, sai ta juya ɗaki ta ce dama kanta ke ciwo. A can shanunta suke, a can kuma aka binne mijinta tsakiyar garke, yadda ake yi wa mai shanu a ƙasarsu. Abin yana cin ta ƙwarai, amma girman kai ya hana ta faɗa.

Yanzu shokozobar motar sun yi yoyo, ya karɓo iri biyu wurin mai kayan mota don ya zaɓa, masu sifirin nannaɗe a jiki. Ga su kan buhu: dogo mai inci goma sha biyu da sifirin mai tauri, da gajere mai inci goma. Tun safe yake fama da tef, ya saki taya ta yi reto ya auna, ya danna ta sama ya auna, sai ka ce tela ya samu ɗinkin salla.

Ta zunguri dogon da sandarta. "Wanne ne zai sauko da raƙumin dawan nan ƙasa?"

Ya fito yana share hannu. "Babu. Dogon zan sa, ya ƙara mata tsawo."

"Ƙara? Kai ruga za ka ko duniyar wata?"

"Ke me kika sani a mota? Iliminki ya tsaya kan amalanken jaki."

"Amalanken ya kai ni ya dawo da ni har na aurar da uwarka, bai taɓa cewa in yi tsalle ba. Kome nisan jifa dai ƙasa zai faɗo."

Sai ya gyara tsayuwa ya shiga yi mata karatu. Wai manyan motoci sun rarake hanya sun bar tudun yashi a tsakiya, wai idan ya loda gangunan ruwa da buhunan gishirin shanu gajeren zai lotse, cikin motar ya kwanta kan tudu, tayoyi su yi ta juyi a banza. Gaskiya ya faɗa, ita ma ta san gaskiya ce, abin da ya ƙara tunzura ta ke nan.

"Ka auna taya, ka auna ganga, ka auna yashi. Ni fa, ka auna ni?"

"Ke ai ba ki da nauyi, sai baki. Shi kam ko sifirin tirela ba zai ɗauka ba."

"Bakin nan shi ya tauna maka nama lokacin da kai dasashi ne zalla, marar kunya."

"To na biya. In ɗauke ki cak kamar amarya, in ajiye a kujera."

"Kai ɗin? Da waɗannan hannayen kamar sillen kara? A gaban mutane, sai ka ce tunkiya mai karaya? Allah ya sawwaƙe."

Ya ce zai sayo mata tsani, ta ce ba hawa jinka za ta yi ba. Ya ce akwatin lemo fa, ta ce ya ajiye wa budurwar da har yau ta ƙi zuwa. Ya ce shi zai sake ta ya huta, ta ce ya gaggauta, mai gyaran famfon rijiya yana nan yana jira, motarsa ƙasa-ƙasa kamar mai ladabi.

"Wannan tsohon? Motarsa ko akuya ta tsallake ta."

"Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau wannan jibgegiyar taka ba zai hango ba."

Tumisang ya yi dariya ya sunkuya ya ɗauki dogon. Nan ne ranta ya ɓaci da gaske, muryarta ta sauka.

"Sa shi. Ai akwai ranar da maza za su ɗaga ni su shimfiɗe a bayan motar nan, ranar tsawonta ba zai dame ni ba. Ni dai na so in je a zaune, in ga shanuna da idona, in kai wa kakanka ƙararka."

Dariyar ta ɗauke. Ya dubi ƙarfen da ke hannunsa, ya dubi matakin ƙofar motar, sannan ya ajiye. Ya jawo tef ya durƙusa gabanta.

"Ɗaga ƙafa."

"Don me?"

"Ɗaga dai, iyakar inda za ta kai."

Ta dafa kansa ta ɗaga, tana tsine wa ranar da aka haife shi. Ya auna daga ƙasa zuwa tafin, ya je ya gwada a jikin mota, ya girgiza kai, dariyar ta dawo.

"Kin kashe ni. Gajeren ne, shi ma sai na murɗe zoben sifirin ƙasa, na mai da tsofaffin tayoyi. Amma idan muka kafe a yashi, ke za ki tura."

Ta shige ɗaki tana ɗingishi, can ta fito tana jan wani tsohon shebur da hannu ya goge wa ƙota har tana sheƙi, ta jingina masa a ƙirji.

"Na kakanka ne. Shi da ya aure ni da gaske, haƙa yake yi ina zaune."