Dusar Ƙanƙarar da Na Buga wa Ƙusa

Ba zan taɓa mantawa da farin falankin nan na ɗan Rasha ba, ko da zan manta lambar wayata.

Ina da shagon firam da labule a Sanaiya, nan Doha. Lokacin korona katako ya yi wuya, sai na kafa doka: duk falankin da ya zo cikin akwatin kaya ba a jefarwa, bayan firam muke yi da shi. (Har cika baki nake yi da wannan dabara.)

Ana gab da fara Kofin Duniya wani sabon otal ya kira ni. Za su baje kolin aikin wani dattijo mai zane daga Rasha, ni zan sa wa zanen firam, manaja kuma ya ce in aikina ya yi kyau, firam ɗin duka ɗakunan nawa ne. Ranar nan da waƙa na tuƙo mota har shago.

Akwati ya iso. Na zaro zane: kogi, bishiyoyi masu farin jiki, bukkar katako, wata tsohuwa riƙe da guga. Kai ka ce ka miƙa hannu ka ɗebi ruwan! A ƙarƙashinsa ga wani falanki fari fat, fenti ya yi tudu-tudu, layi ɗaya mai ruwan toka ya ratsa shi.

Issaka, kafintana ɗan Kumasi, ya ce, "Maigida, ashe su ma a katako suke goge burushi?"

Na ce, "Ka ga banza ta faɗi. Daidai yake da bayan firam. Yalla, buga!"

Ya buga. Ni kuma na manna sitikar shagona a tsakiya, yadda na saba.

Ranar buɗewa na sha shadda, na tsaya a sahun gaba don manaja ya gan ni. Dattijo ya fara jawabi. Ya ce ƙauyensu ɗaya ya zana sau biyu. Na farko yadda malamansa suka koya masa, irin na kakanni, kowane ganye a wurinsa. Na biyu yadda wurin yake yau: an tare kogin, bukka ta tafi, ba abin da ya rage sai dusar ƙanƙara da babban titi guda.

Babban titi guda. Sai na tuna layin nan mai ruwan toka.

Ya waiwayi bango, ya ga ƙusa babu komai a jikinta. "Ina na biyun?"

Ni dai ba na ɓoye kaya. Na fito gaban jama'a, na sauko da firam, na juya bayansa. Ga dusar ƙanƙarar Rasha, ƙusoshi sun zagaye ta, lambar wayata ɓaro-ɓaro a tsakiyar titi.

Manaja ya riƙe kai, yana ta "Khalas, khalas," wato shi ke nan. Dattijo ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Tun ina saurayi ake ce mini irin wannan ba zane ba ne," in ji shi. "Kai ne na farko da ya samo masa aikin yi."

Ya sa aka rataye firam ɗin a tsakiyar zaure, tsoho a gaba, sabo a baya, mutane na zagayawa suna ɗaukar hoto. Ya kuma hana a cire sitikar.

Kwangilar ɗakuna kam wani aka ba. Yanzu ko murfin kwali ne ya zo daga ƙasar sanyi, sai na tambayi sunan wanda ya zana shi kafin Issaka ya ɗauki guduma.