Ranar da Na Taya Masu Tonon Kufai Aiki

Duk ƙasar Faskari, kai har ka gangara Sabuwa, babu wanda ya kai ni iya haƙa rami. Rijiyoyin da na gina da hannuna, in aka jera zurfinsu sai a isa Legas. Shi ya sa har in mutu ba zan manta ranar da na taya mutanen jami'a aiki ba.

Sun zo ne binciken wani tsohon kufai a gindin dutse, bayan gonata. Ni na nuna masu wurin, shugabansu kuma, wani Dakta mai furfura, ya yi mini alkawarin sa sunana a littafin da za su rubuta. Kafin la'asar kowa a gari ya ji (ni na tabbatar da hakan).

Amma aikin nasu, jama'a! Mutum shida sun ja zare sun kewaye ɗan wuri, suna kankare ƙasa da cokalin magini da burushi, su tankaɗe ta kamar garin tuwo, su ɗauki hoto, su rubuta. Kwana tara, ramin bai kai gwiwata ba. Na ce masu in haka ake gina kabari, sai mamacin ya gaji ya koma gida. Dakta ya yi dariya, ya ce kowane hawa na ƙasa da zamaninsa, dole a bi a hankali. Na ɗauka uzurin malalata ne.

Ranar kasuwar Yankara suka tafi sayayya. Na ɗauko diga da shebur, na ce bari in fid da baƙi kunya. Kafin azahar ramin ya kai ƙirjina. Tsingaro, gawayi, kashin maƙera (dattin narkakken ƙarfe), duk na tara wuri ɗaya, har na wanke su fes. Wata babbar tukunya ce kawai ta tare mini hanya. Ita kam kashi bakwai ta fito (kuma ita ta fara tsokana).

Suka dawo suka tarar da ni bakin rami ina jiran godiya. Wata ɗaliba ta zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa na dage: ba ga kayan ba? Wanne ya ɓace? Aikin wata uku na gama kafin a kira salla, kuma har gobe ina kan bakana.

Na gyara murya zan tuna wa Dakta maganar suna, sai ya ɗaga gutsuren tukunyar ya daɗe yana juya shi.

"Malam," ya ce, "tukunyar nan ta ga yaƙi, ta ga fari, ta ga gara, duk ta tsira. Kai ne dai ba ta taɓa gani ba sai yau."