Ranar da Na Hau Tebur a Bikin Waliyyi Patrick

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Maris ba, ko da na so in manta, domin 'yata Saratu ba ta gajiya da tuna mini.

Lokacin muna shekara ta biyu a garin Germantown, can ƙasar Turawa, ina aikin kula da tsofaffi. Saratu tana da shekara bakwai, kuma tun da muka sauka ƙasar nan tsoro ya shige ta. Jiniyar motar kashe gobara tsoro, karen maƙwabta tsoro, ko lif na hawa bene ba ta shiga sai ta ƙanƙame zanena. Ni kuwa maimakon lallashi sai faɗa: "Ke dai matsoraciya ce! Ni uwarki a gona na girma. Muddin ina tsaye kusa da ke, babu abin da zai taɓa ki." (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Abin da ban taɓa faɗa mata ba shi ne, akwai halitta guda da ko sunanta ba na son kamawa. Ina da shekara tara, a ƙauyenmu da ke wajen Kachia, kububuwa ta sari gwaggona muna cirar gyaɗa. A gabana ƙafarta ta kumbura, kuma kafin a kai asibiti ta cika. Tun daga ranar, igiyar ƙasa nake cewa. Ko a talabijin aka nuno maciji, sai in tuna ina da aiki a kicin.

To, cocin da muke zuwa cike yake da mutanen da kakanninsu suka fito daga Ireland, kuma ranar Waliyyi Patrick babbar rana ce a wurinsu. Madam Kathleen, dattijuwar da ke kula da makarantar Lahadi, ta ce za a shirya wa yara biki, don su san ba sa koren kaya kaɗai ake yi a ranar ba. Ta tambaya wa zai ba yara tarihin waliyyin. Kafin ta rufe baki na ɗaga hannu. Na ce Fada ɗan Ireland ne ya yi wa babana baftisma, su suka gina makarantar da na yi, kuma waliyyin nan namu ne mu ma a Najeriya. Har na ƙara da cewa ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinsa.

Madam Kathleen ta turo doguwar wasiƙa ta imel mai ɗauke da tsarin bikin, ta kuma kira taron iyaye. Taron ya faɗo ranar aikina, wasiƙar kuwa layi biyu na karanta na rufe. (Me za su koya mini?) Abin da na sani kawai, an zaɓi Saratu ta fito a matsayin Patrick, da hular takarda da doguwar sanda, domin Madam Kathleen tana so yarinyar ta saki jiki. Sati guda Saratu tana roƙona in ce ba ta da lafiya. Na ce, "Ba ina nan ba? Hannunki yana cikin nawa har a gama."

Ranar na ci ado da koren leshi, na kafa ɗauri kamar mai zuwa ɗaurin aure. A zauren da ke ƙarƙashin coci aka taru. Yara suka yanka koriyar takarda siffar ganyen nan mai kunne uku da aka ce waliyyin ya koyar da Triniti da shi, suna rubuta Uba a kunne ɗaya, Ɗa a ɗaya, Ruhu Mai Tsarki a na uku. A kan dogon tebur ga wani ƙaton koren kek, shi ma siffar ganyen. Anti Rifkatu, wata nas 'yar Jos wadda ita kaɗai nake Hausa da ita a cocin, ta raɗa mini, "Maman Saratu, yau fa ke ce malama, ki fitar da mu kunya."

Na kuwa zuba labari, hannun Saratu yana cikin nawa. Yadda aka sace Patrick yana yaro, yadda ya yi kiwon tumaki cikin bauta yana addu'a, yadda ya tsere, sannan ya koma da bishara wurin mutanen da suka bautar da shi. Akwai wurin da ake cewa ya kori macizai daga ƙasar Ireland, amma na tsallake shi da gangan. Na rufe da murya mai ƙarfi: "Yara, mai bangaskiya ba ya gudu!" Iyaye suka tafa, kaina ya kumbura.

Sai Madam Kathleen ta kaɗa ƙararrawa ta ce lokacin wasa ya yi, ta roƙe ni in yaye ƙyallen da ya rufe wani kwando. Ashe tun da na fara magana kwandon nan yana dab da ƙafata. Na sunkuya da murmushina, na fizge ƙyallen.

Macizai ne, cike da kwando, sun nannaɗe juna. Na saman mai ruwan ƙasa ne da dabbare-dabbare, sak wadda ta sari gwaggona. Ƙyallen ya jawo shi, ya faɗo a kan ƙafata, sanyinsa ya taɓa fatata, kuma na rantse ya motsa. Zauren ya ɓace mini, gonar gyaɗa kawai nake gani da ƙafar nan da ta kumbura.

Ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a kan tebur, ƙafa ɗaya tsundum cikin kek. Kwandon ya kife, macizai sun watsu ko'ina. Ina ta kurma ihu da Hausa tsantsa: "Jinin Yesu! Ku kawo sanda! Ku kawo kananzir!" Ƙananan yara suka fashe da kuka, wani uba ya zaro waya zai kira motar asibiti.

"Maman Saratu, na roba ne!" in ji Anti Rifkatu, tana jan bakin zanena. "Wasan yara ne, za su kore su ne kamar yadda waliyyi ya yi. Don Allah sauko, ana kallonmu!"

Kunnena ya ji, kaina ma ya gane, amma ƙafafuna suka ce ba da su ba. Ina nan tsaye sai idona ya faɗa kan Saratu. Tana daidai inda na bar ta, macizai sun kewaye ta, hular takardar ta karkace. Hannun da nake riƙe da shi yana nan a miƙe, babu kowa a jikinsa. Ba sakinsa kawai na yi ba, na tuna sarai, fizge nawa na yi. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi, kuma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Can sai ta gyara hularta. Ta sa bakin sanda ta tura macijin farko har bakin ƙofa, ta dawo ta tura na biyu, tana faɗin 'yan kalmomin da aka koya mata, da farko can ƙasa-ƙasa, daga baya har ana ji a ƙarshen zaure. Sauran yara suka share hawaye suka bi bayanta. Da ƙasa ta yi fes, ta zo gaban tebur ta miƙo mini hannu, ta ce da gurguwar Hausarta, "Mama, sauko. Na kore su duka."

Na sauko, takalmi ɗaya kore shar. Fadan cocin ya miƙo mini ruwa yana ta kallon silin don kada dariya ta ƙwace masa. Madam Kathleen tana ba ni haƙuri, tana cewa ai ta rubuta zancen macizan a imel, a layi na uku.

Muna cikin mota, mun kusa gida. Daga kujerar baya Saratu ta tambaye ni da Turanci, a hankali, in da macizan gaske ne, da haka zan bar ta? Ƙarya ta zo har bakina, na haɗiye ta. Na tsayar da mota, na ba ta labarin gwaggona tun daga farko, na ce, "Ban sani ba, Saratu. Ina jin tsoro, kuma na ɓoye miki. Ki yafe mini." Ta ce ba komai, wani karon in tsaya a bayanta.

Tun daga ranar kalmar matsoraciya ba ta sake fita daga bakina ba, kuma kowace wasiƙa sai na karanta ta har sa hannu. Madam Kathleen ta ba Saratu macijin nan mai dabbare-dabbare kyauta. Yau yarinyar ta girma ta tafi jami'a, ta bar shi a durowar ɗakinta ta ƙasa. Ni nake share ɗakin duk sati, kuma har yanzu bangaskiyata ba ta kai durowar nan ba.