Kwamfuta A Cikin Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a ƙarshen shekarun casa'in ba, lokacin ina tsara katunan biki a wani shagon kwamfuta a Suleja. Inji ɗaya muke amfani da shi ni da Istifanus, wani mutumin Filato da tun zuwansa ban yarda da shi ba. Shiru-shirunsa ya yi yawa, ga shi na ji ƙishin-ƙishin zai buɗe nasa shagon a Gauraka.

Akwai wata manhaja da ya saka, in ka buɗe ta sai injinmu ya rikiɗe ya koma irin tsohuwar kwamfutar da ya koyi aiki a kanta, wai don wasannin da yake bugawa. Wasa? Ƙato da gemunsa? Na ce lallai akwai wata a ƙasa.

Yana fita cin abinci na buɗe. Me zan gani? Duk katunana a jere a cikin tsohuwar tasa, har da na bikin 'yar Hajiya Talatu da za a karɓa washegari (na sha wahalar furannin gefensa ba kaɗan ba). Na ɗauka kwafinsu ya sata don sabon shagonsa, nan take na goge su tas, na je na kira Alhaji mai shago, ina cika ina batsewa.

Istifanus ya dawo yana sakace, ya saurari ƙarata har ƙarshe. Sannan ya yi bayani a natse: tsohuwar ba ta da rumbun ajiya na kanta, shi ya buɗe mata ƙofa zuwa rumbun injinmu don ta riƙa ɗauko wasanninsa. Abin da na gani ba kwafi ba ne, su ne.

Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ba ka dai taɓa komai ba ko?"

Na ce ƙarya yake yi, bari in nuna wa Alhaji na asali. Na buɗe ma'ajiyata. Wayam. Na rufe na sake buɗewa (ko za su ji tausayina su dawo). Alhaji ya dube ni ya ce, "To, ɓarawo dai mun kama shi."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Istifanus ɗin dai shi ya taya ni sake katin, da Hajiya ta zo kuwa furanninsa ta yi ta yabawa, ni kuma ina amsa godiya kaina a sunkuye.

Zargi kam har yau ban daina ba, hali ne. Sai dai yanzu in ya motsa, tambaya nake fara yi, hannuwana a cikin aljihu.